Darasin PUBG Mobile: Yadda Gwani Ke Lissafi Idan Sabis Na Rawa A Jibiya

A PUBG Mobile, mutum 100 jirgi ke zubarwa a taswirar Erangel, mai kilomita 8 kowane gefe. Sabon shiga da saurin yatsa yake taƙama. Gwani kuwa tun cikin jirgi yake lissafi: ina jirgin ya bi, mutum nawa za su faɗa Pochinki, ta ina da'ira za ta matse.

Mai wasa a Jibiya ko Magama yana da ƙarin lissafi, wato sabis. A bakin iyaka waya kan tsallaka layin Nijar da kanta, shi ya sa gwani ke zaɓar layinsa da hannu a saitin waya kafin ya shiga. Idan ping ya haura 150, ba ruwansa da faɗan cikin ɗaki, don abokin gaba zai riga shi harbi. Sai ya bi gefen da'ira, ya kama tudu, ya yi harbin nesa.

Ko hular kwano mai mataki na 3 ba ta sa shi leƙe barkatai, tunda harsashin AWM ɗaya a ka ya isa ya kwantar da shi. Bindigar daga akwatin da jirgi ke jefowa take fitowa, don haka da ya hango jan hayaƙi, sai ya nemi bayan dutse.