Darasi na 14: Kilibiya, Furen da Ke Son Inuwa

Yawancin furanni ba sa yin kyau sai suna shan rana, shi ya sa mai lambu yakan rasa abin da zai dasa a gindin manyan itatuwa. Kilibiya tana cikin tsirran da suke magance wannan matsala. Asalinta daga dazuzzukan Afirka ta Kudu da Eswatini ne, inda take tsirowa a ƙarƙashin itatuwa, cikin ruɓaɓɓen ganye. Masanin tsirrai John Lindley ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1828, don girmama wata basarakiyar Ingila, Charlotte Clive. Ganyenta dogo ne, kore shar, ba ya kaɗewa duk shekara. Furen wadda aka fi shukawa launin ruwan goro ne, yana fitowa cunkus a kan kara ɗaya.

Akan dasa ta a inuwa mai ɗan haske, domin zafin rana yana ƙona ganyenta. Saiwarta mai kauri ce, tana adana ruwa, saboda haka ƙasar da ba ta riƙe ruwa take so. Idan ruwa ya kwanta a gindinta, sai saiwar ta ruɓe, shukar shekaru ta lalace. Da sanyi ya shigo, sai a rage mata ruwa na kamar mako shida zuwa takwas, don wannan hutun ne yake sa ta yi fure. Amma ba ta jure sanyin da ke daskarar da ruwa. A ƙasashe masu irin wannan sanyi akan sa ta a tukunya, a shigar da ita ɗaki.

Wanda ya shuka irinta zai jira shekara uku zuwa biyar kafin ya ga fure, mahaƙurci mawadaci. Mai sauri kuwa sai ya raba 'ya'yan da suke fitowa a gindinta bayan ta gama fure, ya dasa. Sai dai a kula, tana da guba, kada yara ko dabbobi su ci.

Sababbin Kalmomi
saiwa: sashen tsiro da ke cikin ƙasa
kaɗe: zube daga jikin itace
cunkus: da yawa a wuri ɗaya

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a dasa kilibiya a rana?
2. Mene ne amfanin rage mata ruwa lokacin sanyi?
3. A nemo aikatau uku masu ƙarewa da "-e" a cikin darasin, a yi jimla da kowanne.