'Yar'uwa, Kada Ki Keɓe Kanki a Jami'a

'Yar'uwa mai karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko a Bosso kike ko a Gidan Kwano, kin san yadda ajin injiniya yake: maza cike da ɗaki, mata 'yan ƙalilan a gefe guda. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ja baki a yi shiru, da sunan kunya. Wannan shirun yana rage maki, yana kashe gwiwa, har ibada ma ta yi sanyi saboda damuwa.

Da farko, zauna a layin gaba, ki ɗaga hannu ki yi tambaya. Kamun kai bai hana neman sani ba.

Na biyu, duba jadawalinki tun farkon zango. Idan aikin ɗakin gwaji zai ci lokacin azahar, shiga da alwalarki, ki nemi izinin malami cikin ladabi.

Na uku, gana da mai duba aikin bincikenki a ofis, a lokacin aiki. In ya fara wasan banza, ajiye saƙonninsa, ki kai ƙara ga hukumar makaranta. Kada ki haɗiye abin ke kaɗai.

Na huɗu, nemi malama mace da za ki riƙa shawara da ita, ki kuma haɗa ƙungiyar bita da 'yan'uwanki mata, Musulmi da Kirista. A nan Minna aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, kuma da haɗin kan mata masu ilimi ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta.

Allah Ya ba ki ilimi mai albarka.