Darasi na Goma Sha Biyu: Kwana Uku a Garnaɗa da Guzuri Kaɗan

A. Gabatarwa

Wannan darasi labarin tafiya ne. Ana so ɗalibi ya lura da yadda ake jera abubuwan da suka faru ta amfani da muka, suka da aka, ya kuma koyi kalmomin tafiya da na kuɗi. A karanta nassin sau biyu, na farko a zuci, na biyu a bayyane.

B. Nassi

A watan Maris na shekarar 2018 ni da wani abokina, wanda muka yi karatun allo tare, muka yi shawarar zuwa hutu birnin Garnaɗa, wanda Turawa ke kira Granada, a kudancin Sifaniya. A lokacin dukanmu muna aiki a Turai, amma babu mai kuɗin kirki a cikinmu. Saboda haka muka yi asusu. Kowa ya zuba Yuro 150 domin masauki da abinci da bas, muka kuma yarda cewa tikitin shiga wurare kowa zai biya nasa. Shi ya riƙe asusun, don ya fi ni tattali.

Muka sauka daga jirgi a Malaga, muka hau bas, cikin kamar awa biyu muka isa. Muka kama ɗaki ɗaya mai gado biyu. Abincinmu na safe burodi ne da man zaitun da tumatir. Da rana kuwa al'adar garin ta taimake mu, domin idan mutum ya sayi abin sha akan haɗa masa da ɗan abinci kyauta, wanda suke kira tapas. Mukan roƙi na kifi ko na dankali don gudun naman alade.

Da la'asar muka hau tsohuwar unguwar Albayyazin a ƙafa, muka bi lunguna tsakanin fararen gidaje har dandalin San Nikolas, inda ba a biyan ko sisi. Daga nan muka hango fadar Alhamra bisa tudu, ga duwatsu lulluɓe da ƙanƙara a bayanta. Sarakunan Banu Nasar ne suka gina ta. Sun mulki birnin daga 1238 har 2 ga Janairu 1492, ranar da Muhammadu na XII ya miƙa shi ga Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. A ƙarshen wancan ƙarni aka haifi Alhasan Alwazzan a nan, wato Leo Africanus, wanda littafinsa da aka buga a 1550 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Muka yi magariba a masallacin da ke gefen dandalin, wanda aka buɗe a 2003.

Da muka fito na ce, "Malam, gara mu nemi tikitin Alhamra tun yau, don yakan ƙare da wuri."

Ya ce, "Haba Malam, ai mun gan ta daga nan. Me ya rage?"

Raina ya ɓaci, domin saboda wannan fada muka zo. Na yi shiru. Cikin dare ƙanwarsa ta bugo masa waya daga gida. Ya fita baranda, amma na ji ana maganar asibiti da kuɗin maganin mahaifiyarsu. Da ya dawo na dubi fuskarsa, na gane cewa abin da ya zuba a asusu shi ne iyakar abin da ya rage masa. Ba zai faɗa ba, kuma da na ce zan biya masa, da ya ƙi.

Da gari ya waye na ce, "Malam, wannan cin abinci na bankwana da muka ware wa kuɗi, ni ba ya gabana. Mu mai da shi tikiti, tun da kuɗin namu ne mu biyu."

Ya daɗe yana duban takardar lissafi, sannan ya ce, "To, yadda ka gani."

Muka yi sa'a muka samu na yammacin ranar ƙarshe. Muka ga farfajiyar da zakuna 12 na dutse ke ɗauke da kwatarniyar ruwa. Ya tsaya yana karanta mini rubutun Larabcin da ya cika bangaye, musamman taken gidan sarautar, wanda ma'anarsa ita ce babu mai rinjaye sai Allah. Sai da na ja hannunsa sannan muka fita. A daren muka zauna bakin kogin Daro, muka ci burodi da kifin gwangwani. Bai yi mini godiya ba, ni ma ban ambaci wayar ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya bar zumunci."

C. Sababbin Kalmomi

guzuri: abin da matafiyi ke riƙewa na abinci ko kuɗi
asusu: wurin da ake tara kuɗi
tattali: kula da abu don kada ya ƙare da wuri
masauki: wurin da baƙo ke kwana
lungu: siririyar hanya tsakanin gidaje
ba ya gabana: ban damu da shi ba

D. Nahawu: Shuɗaɗɗen Lokaci

Na ɗaya: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an.
Na biyu: na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka.

A rubuce na, ka, ya da ta iri ɗaya ne a jerin biyu, amma a furuci wasalinsu dogo ne a na ɗaya, gajere a na biyu. Ana amfani da na biyu a wurare huɗu:

1. Jera labari: Muka sauka, muka hau bas.
2. Bayan da, wanda ko inda: masallacin da aka buɗe.
3. Bayan kalmar tambaya: Yaushe suka isa?
4. Idan an ƙarfafa wani abu a farkon jimla: Sarakuna ne suka gina ta.

A korewa su biyun sukan zama ɗaya: Ba mu hau mota ba. Ɗaliban da suka taso da Hausar yamma, irin ta Sakkwato, sun saba da munka, sunka da anka. Wannan ba kuskure ba ne a magana, amma a daidaitacciyar Hausa muka, suka da aka ake rubutawa.

E. Aiki

1. Don me abokin ya ce sun riga sun ga Alhamra?
2. Me ya hana marubucin cewa zai biya masa?
3. Mece ce alaƙar Garnaɗa da ƙasar Hausa a nassin?
4. Cike gurbi da sun ko suka: Ina ... kwana? Baƙin ... iso lafiya.
5. Hausawa na cewa, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Rubuta jimloli goma kan wata tafiya da ka yi da aboki, ka nuna inda karin maganar ya dace.