Amos Tutuola, masinjan da ya rubuta littafi

Yara, kun saba jin tatsuniya da dare a bakin kaka. To, akwai mutanen da suke zuba labarun aljannu da dodanni cikin littafi, a buga a sayar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Amos Tutuola, wani Bayarabe mutumin Najeriya.

An haife shi a Abekuta cikin 1920. Ubansa manomin koko ne. Shekara shida kaɗai ya yi a lakkol, don da ubansa ya rasu cikin 1939 babu mai biya masa kuɗin karatu. Sai ya koyi ƙira. Bayan yaƙin duniya na biyu ya samu aikin masinja a ofishin ƙwadago na Ikko. Masinja kuwa yini yake yana jiran a aike shi. Cikin wannan zaman jira ne Tutuola ya fara rubutu.

Ga labarin da ya rubuta. Wani mutum ne ba shi da aiki sai shan bammi. Ran nan mai haɗo masa bammin ya faɗo daga kan itacen kwakwa ya mutu. Mashayin ya ce sai ya bi shi har garin matattu ya maido shi. A hanya ya gamu da wani kyakkyawan mutum, ashe duk gaɓoɓin jikinsa na haya ne. Yana tafe yana mai da ƙafa ga mai ƙafa, hannu ga mai hannu, har ya saura ƙoƙon kai kaɗai yana tsalle cikin daji!

Cikin 1952 kamfanin Faber na Landan ya buga littafin da sunan The Palm-Wine Drinkard, wato Mashayin Bammi. Wani shahararren mawaƙi, Dylan Thomas, ya yabe shi cikin jarida. Shekara guda bayan haka aka buga shi a Amurka, Raymond Queneau kuma ya juya shi da Faransanci.

A gida fa? Nan abin ya yi ɗaci. Masu ilimin boko da yawa a Najeriya sun ji kunyar littafin. Suka ce Ingilishinsa gurgu ne, zai sa Turawa su yi wa baƙar fata dariya. Gaskiya ne Tutuola da Yarabanci yake tunani, sannan ya sa maganar cikin Ingilishi, harshen da bai daɗe yana koyo ba. Waɗansu kuma suka ce ya kwashi labaransa daga Fagunwa, wanda tun 1938 yake buga irin waɗannan littattafai da Yarabanci. A ganina masu sukar sun tsaya duban kwano, ba su ɗanɗana tuwon ba.

Sunansa ya kai ƙasashe masu nisa, amma littafi bai sa ya yi arziki ba. Ya koma aiki a gidan rediyon Najeriya, yana kula da ɗakin ajiyar kaya a Badun, da albashinsa yake ci da iyali. Ya yi ta rubutu duk da haka. Daga 1967 zuwa 1981 ba a ga sabon littafinsa ko ɗaya ba. Cikin waɗannan shekaru ne Chinua Achebe ya tashi a jami'ar Badun, cikin 1977, ya kare shi gaban malamai. Jami'ar Ife ta gayyace shi cikin 1979, shi da bai wuce shekara shida a aji ba. Ya rasu a Badun cikin 1997.

Tambayoyi
1. Me ya hana Tutuola ci gaba da karatu?
2. Don me waɗansu ƴan ƙasarsa suka ƙi littafinsa?
3. Ku kuna koyon rubutu da Hausa da Faransanci. Da wane harshe za ku rubuta tatsuniyar kakarku? Ku faɗi dalili.

Aiki: kowa ya rubuta tatsuniya ɗaya cikin kayensa, layi goma.