Amsoshin Tambayoyinku: Bayan banki ya karɓe gida

Wani ɗan'uwanmu daga Bronx a birnin New York ya ce banki ya karɓe gidansa saboda ya kasa biyan bashin sayen gidan, sai ga takardar 1099-C, ta yafiyar bashi, da kuɗin da ya haura abin da ake binsa. Me zai yi?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Kada ka jefa takardar nan a aljihun tebur, domin an riga an aika kwafinta ga IRS, hukumar harajin Amurka, kuma a wurinsu bashin da aka yafe maka kuɗin shiga ne, galibi ana biya masa haraji.

Ka rubuta wa bankin wasiƙa, ka haɗa da rasit ɗinka, ka nemi a ba ka gyararriyar takarda. Kiran waya ba ya barin shaida. Idan sun yi biris, kai ƙara ga hukumar CFPB, mai kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ta intanet.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau: idan a lokacin yafiyar basussukanka sun fi dukiyarka yawa, fom 982 na IRS zai iya sauke maka harajin, duka ko wani ɓangare. Ka zauna da masanin haraji kafin tsakiyar Afrilu, wa'adin miƙa takardun haraji.