Sa'o'in Safiya da Haɗarin Bugun Zuciya da Shanyewar Ɓarin Jiki

A gidajen masu bi da yawa, asuba lokacin sujada ne, kuma al'ada ce mai tushe, gama Markus 1:35 ta ba da labarin yadda Ubangiji Yesu ya yi sammako ya keɓe domin addu'a. Sai dai likitoci sun gano cewa daga wannan lokaci zuwa tsakar rana ne jikin ɗan Adam ya fi fuskantar haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A shekarar 1985, Dokta James Muller da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard a Amurka suka nuna cewa bugun zuciya ya fi yawa wajen ƙarfe 9 na safe, kusan ninki uku na abin da ake gani ƙarfe 11 na dare. A 1998 kuma, Dokta William Elliott ya tattara bincike 31, ya tarar cewa shanyewar ɓarin jiki tana ƙaruwa da kashi 49 cikin ɗari tsakanin ƙarfe 6 na safe da 12 na rana.

Dalilin yana cikin yadda Mahalicci ya tsara jiki. Sa'ad da mutum yake barci, ƙarfin bugawar jininsa yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Da gari ya waye, jiki yakan saki sinadaran kotisol da adiranalin domin shirin aiki. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, awon jini ya hau. A daidai wannan lokaci ne jini ya fi saurin yin gudaji, ikon jiki na narkar da gudan kuwa ya ragu. Ga mai lafiya wannan farkawa ce kawai. Amma ga dattijon da ya daɗe da hawan jini ko ciwon sukari, wanda kitse ya riga ya ƙuntata jijiyoyinsa, ƙaramin gudan jini ya isa ya toshe hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa. Sanyin hunturu ma yana ƙara tsuke jijiyoyi.

Masu shan maganin hawan jini sukan yi tambaya ko gara su sha da dare. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutane fiye da 21,000, wanda ya fito a 2022, bai sami bambanci tsakanin safe da dare ba. Abin da yake kashe mutane shi ne barin magani da zarar sun ji sauƙi.

A nan ne sujadar safe take da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: iyali duka suna wuri ɗaya, suna kallon juna. In bakin Baba ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe yana karatu, ko Littafi Mai Tsarki ya suɓuce daga hannun Mama ta kasa ɗaga shi, alamar shanyewa ce. In kuwa ƙirji ya yi nauyi, ciwon ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi, zuciya ce. Wanda bai fito ba kamar yadda ya saba, a je a duba shi, domin waɗansu da ciwon suke farkawa.

Abin baƙin ciki, nan ne ake ɓata lokaci. Wasu su ce jifa ne, wasu su shafa mai suna jiran fasto ya iso. A kira fasto, amma a asibiti ya kamata ya same su, a yi addu'ar a cikin mota. Allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamu, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna, saboda haka a nufi babban asibiti kai tsaye. Kada a ɗura wa mara lafiyar ruwa ko kunu, gama yana iya shaƙewa. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin likita zai tambaya.