Filin Gwaggo Asabe: Jeren Garwa a daminar Duwala

Gwaggo, ban cika shekara da zuwa New Bell ba, daga Garwa aka kawo ni. Iyayena sun yi mini abin da ya fi ƙarfinsu: gado, sif, kabet cike da kwanuka, tumtum huɗu na fatar Marwa, tabarmi, da ƙore da faya-fayan da kakata ta bar wa Inna. Ciki da falo muke haya, ƙasan ginin bulo ne, samansa katako. Tun da ruwa ya kankama fatar nan ta yi fari fat da funfuna, bayan sif ya kumbura, ɗakin kuma wari yake ko na turara shi. Ranar da kwata ta cika, ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado. Maigida ya ce a rage kaya. Inna kuwa ta ce mini a waya in na taɓa jeren da suka yi mini, ban san darajar wahalarsu ba, kuma tana nan tafe bayan Sallah. Ina tsaka mai wuya.
'Yarki, amarya a Unguwar Hausawa

'Yata, ki kwantar da hankalinki, ba ƙazanta ba ce. Na fara da wannan ne don na san abin da ke cin ki a rai, kada baƙuwa ta shigo ta shaƙi ɗakin ta fita tana cewa amaryar wane ba ta iya gyara ba. Garwa takan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, sannan rani ya zo ya busar da komai ƙayau. Duwala kuwa abin da ke sauka ya haura milimita 3,500, a watannin Yuli da Agusta sai a jera kwanaki ba a ga rana ba, iskar kanta a jiƙe take. Unguwar taku ma ba a kan tudu take ba. Lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen bakin kogin Wuri don su yi unguwar Turawa, rigimar da ta kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a watan Agustan 1914, sai suka tura mutane can baya, wuri mai fadama, shi ne New Bell. Fatake Hausawa da sauran baƙi nan suka sauka suka yi kaka-gida. Masu tudu sun riga sun ɗauki tudunsu tun kafin a haifi kakarki.

Su Inna sun yi miki jere irin na garin da suka sani, kuma sun kyauta. Sai dai kayan ba su san an kawo su bakin teku ba.

Fatar nan tukuna. Ki fitar da ita waje ranar da sama ta ɗan washe, ki kakkaɓe funfunar da busasshen tsumma, a waje ba a ɗaki ba, don ƙurarta tana sa tari. Ki jiƙa wani tsumman da ruwan kal da aka sirka da ruwa, ki matse sosai ki goge, ki bar ta ta sha iska a inuwa. Kada ki bi shawarar masu cewa a shafa mata man gyaɗa, abinci za ki ba funfunar. In da tsumma ko auduga aka cusa a cikin tumtum ɗin, ki zazzage, can ciki laimar take kwana. Biyu sun ishe ki a falo, su ma kada su kwana a ƙasa. Sauran biyun ki naɗe su ba komai a ciki, ki rataye a sama inda iska ke ratsawa, ba a cikin leda ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da ruwa ya ɗan ja baya, sai ki fito da su su yi kwalliyarsu.

Sif ɗin da ya kumbura, ina zaton irin katakon nan ne na garin itace da aka matse da gam. Wannan in ya sha ruwa ya gama, ba ya komawa. Ki sa kafinta ya cire bayan ya maye shi da falanki, ya yi wa sif da kabet ƙafafu masu tsawon taƙi guda, a kuma janye su daga bango gwargwadon yadda hannu zai shige. Ledar ɗaki ma ki ɗaga ta ki duba ƙarƙashinta, sau da yawa warin daga can yake fitowa, turare kuwa sai dai ya haɗu da shi su zama wani abu na uku. Tun da na ambaci turare, gidanku rabinsa katako ne, irin wanda ake ce wa karabot, don haka kasko ba ya zama kusa da labule, ba a kuma barinsa a fita. Kasuwar Kongo da ke kusa da ku ta sha gobara, 'yan unguwa ba sa buƙatar a yi musu wa'azin wuta.

Abin da ya fi dacewa da ɗakin Duwala shi ne a bar ƙasa fili, ado ya hau bango. Faya-fayan kakarki ba cikin kabet ya kamata su kasance ba. Ki sa a kafa siririn katako a bango, ki jera su a kai, babba a tsakiya, ƙanana su kewaye shi, ta yadda ba za su manne da bangon ba. Ƙoren ma a kife su a kan kanta, can sama, ana sauke su ana gogewa a kai a kai. Duk wanda ya shigo su zai fara gani, kuma ba wata amarya a layinku da za ta je kanti ta sayo irinsu. Labule kuwa mara nauyi, wanda za ki wanke da safe ya bushe kafin la'asar. Mai kauri irin na otal ɗin nan da 'yan mata ke rububi, a garin nan soso ne kawai aka rataye a taga. In kina son kujera, ki duba na gora da na tukurwa da masassaƙan kudu ke yi, ba su da nauyi, in ruwa ya shigo hannu ɗaya za ki ɗora su kan gado.

Saura Inna, wadda ita ce ainihin wasiƙarki. Kada ki yi wannan magana da ita a waya, kada kuma ki ce mata maigida ne ya ce, za ki haɗa suruka da suruki faɗan da ba ranar ƙarewa. Ki ɗauki hoton funfunar da na ruwan da ya shigo ki ajiye. In ta zo, ki bari ta huta ta ci abinci, sannan ki nuna mata, ki ce Inna ki taya ni ceton kayan nan. Ki bar ta ta zaɓi abin da zai zauna da abin da za ta koma da shi Garwa ta adana miki. Uwa ba ta ƙin a nemi dabararta, abin da take ƙi shi ne a yanke hukunci a bayan idonta. In ta ce ai jere ba a taɓa shi, ki tambaye ta cikin raha ko jerenta irin na kaka ne. Ba iri ɗaya ba ne. An yi zamanin ƙwarya da akushi, aka yi na tasa, aka yi na kwalla da langa har rufin ɗaki, aka zo na tangaran a kabet. Kowace uwa ta yi wa 'yarta na zamaninta.

Kwanukan kuma in sun yi yawa kada ki raina su. A 2010, lokacin bikin zane-zanen birni da cibiyar doual'art ke shiryawa, wani mai fasaha ɗan ƙasar nan, Pascale Marthine Tayou, ya ɗora tukwanen langa ɗaya kan ɗaya a shataletalen Shell New Bell har tsawon wajen mita 12, baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa ɗaukar hoto. Abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi a ƙuryar ɗaki ke nan, ba wanda ya ce musu masu fasaha. Ki dai lura, langa in ta ɓantale tsatsa take yi a nan da wuri, ki ware masu tabo ki sa su aiki a madafa.

*

Gwaggo, ni ina saƙa da kwarashi, ina ɗinka faifai da zare mai launi, ina kuma haɗa rigunan matashi da ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Wani dillali yakan zo ya kwashe a jaka ɗaya da rabi kowanne, sai ƙawata ta ce ta ga irin nawa a Bonapriso an sa masa kuɗi ninki huɗu. Raina ya ɓaci. Ina so in kai kayana baje koli da kaina, amma maigida ya ce matarsa ba za ta tsaya a rumfa maza suna taya kaya ba.
Maman 'yan biyu, Nkololun

Maman 'yan biyu, sannu da ƙoƙari. Ɓacin ranki yana da dalili, amma kada ki kori dillalin nan tukuna. Wanda ke da rumfa a Kasuwar Furanni ta Bonapriso yana biyan haya, yana zama wuni guda ba ciniki, kuma kuɗin da ya fara faɗa wa Bature ba shi ake biya ba. Abin da zan tambaye ki shi ne, kin taɓa zama kin lissafa zare nawa, kaba nawa, kwana nawa faifai ɗaya ke ci? Yawancinmu kuɗin zare kawai muke ƙirgawa, mu bar idonmu da bayanmu kyauta. Ki yi lissafin, ki ƙara masa kuɗi. In ya ƙi, kin san ba shi kaɗai ne dillali a Duwala ba.

Zan kuma gaya miki abin da ƙawa ba za ta gaya miki ba. Ban ga aikinki ba, amma na ga na mata da yawa, kuma ciwonsu ɗaya: launi bakwai a faifai guda, ga zare mai ƙyalli a kai, bayan kuma duk ƙulli da jela. Mai sayen kayan ado juya abu yake yi ya dubi bayansa. Launi biyu ko uku sun isa. In an ce miki shida ake so, su fito shida kai ɗaya, ba wani ya fi wani faɗi ba. Ki kuma riƙe zanenmu, dagi da sauran irin na hula da na wuyan riga, domin kayan tukurwa na Bamenda da tagullar Fumban sun cika kasuwa, naki ba zai yi fice ba sai in an gan shi an san na Hausawa ne. Atamfar da za ki haɗa, ki wanke ta tukuna, kada ta zuba a gadon mutane.

Hanyar baje koli tana nan, kuma daga ƙofar gidanku ta fara. Tun dokar 2007 da ta tsara sana'ar hannu a Kamaru, mai sana'a yana yin rajista ne a ofishin magajin garin yankinsa, naku kuwa na Duwala ta biyu a New Bell yake. Daga cikin masu rajista ake tace waɗanda za su je babban baje kolin SIARC da ake yi a Yawunde duk bayan shekara biyu. A waje akwai SIAO na Wagadugu da aka fara a 1988, akwai kuma SAFEM a Yamai, wanda don mata masu sana'ar hannu aka kafa shi, kuma can da Hausa za ki yi ciniki. Amma kada ki ɗaga ido can tun yanzu. Rumfa kuɗi ce, mota kuɗi ce, masauki kuɗi ne, mace ɗaya da faifai ashirin ba za ta mayar ba. Ku haɗu ku biyar ko shida daga cikin 'yan adashenku, mai saƙa, mai ɗinki, mai turare, ku yi rajista, ku kama rumfa ɗaya.

Maigida kuma ba sana'ar ya hana ba, tsayuwar ce ba ya so, to a raba masa biyun. Ki fara da inda ba zai ce komai ba: gidan suna, gidan biki, walimar Islamiyya, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki baje kayanki cikin mata. Masu haɗa kayan ɗakin amare su ne kasuwarki ta gaskiya, sun fi 'yan yawon buɗe ido yawa, kuma ba su da lokacin zuwa da na tafiya. Ki ɗauki hoto da hasken rana ki sa a WhatsApp. Ranar da ya ga kuɗin makarantar 'yan biyu ya fito daga kwarashi, sai ki kawo zancen Yawunde, ki ce ƙaninsa ko shi da kansa ya tsaya a rumfar, ke ki zauna daga ciki kina saƙa. Masu kallo ma sun fi tsayawa inda suka ga hannu yana aiki.

*

Hajiya, ɗana ya gama sakandare, maimakon ya zauna mini a shago sai tsince-tsince: kwalabe, murafun lemo, tsohuwar sarƙar babur, taya. Wai fitilu yake yi da firam ɗin madubi. Ya mayar mini da bayan gida bola, maƙwabta suna yi mini dariya.
Wani uba, Kasalafam

Alhaji, ka hau babur ka je shataletalen Deido ka ɗaga kai. Dogon abin nan da ke tsaye a tsakiya, La Nouvelle Liberté, da tarkacen ƙarfe da kayan tsofaffin motoci Joseph-Francis Sumégné ya haɗa shi a 1996. Da farko mutanen unguwar zaginsa suka yi ta yi, yau kuwa shi ake bugawa in ana son nuna Duwala a hoto. A New Bell ɗin nan ma an yi ƙungiyar masu zane ta Kapsiki, su Hervé Yamguen da Salifou Lindou, sunansu ya kai Turai. Ban ce ɗanka zai zama su ba, cikin masu tsince-tsince kaɗan ne ke zama. Na kuma san za ka ce wancan na Deido mutum-mutumi ne. Wannan magana ce ta malamai, shi kuwa yaron fitila da madubi yake yi.

Ka ba shi wata shida da sharaɗi. Da safe shago, da yamma aikinsa. Ka kai shi wurin mai walda ya koyi haɗa ƙarfe yadda ya kamata, ka sa mai gyaran lantarki ya duba wayar kowace fitila kafin ta bar gidan. Ka ba shi kusurwa ɗaya a shagon ya ajiye abu uku da kuɗinsu a jiki, kasuwa za ta gaya muku gaskiya ku duka biyu. Tayoyin nan kuwa yau ɗin nan ya huda su ko ya shigar da su ƙarƙashin rufi, ruwan da ke kwanciya a cikinsu sauro yake haifarwa. A kuma kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus, tun da da tsatsa yake wasa.